Garkuwar Magada: Waƙa da Sharhinta a kan Gado, Wasiyya da Hubusi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda dukiya duka tasa ce, kuma gare shi za ta koma. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi maza da mata, wannan waƙa ce mai baiti 20 da na tsara tare da sharhinta, domin tambaya ta yawaita a kan mutumin da yake son ya tsare abin da ya tara saboda iyalinsa. Manufarta guda ce: Shari'a ta halatta maka ka tsare dukiya domin magada, ta haramta maka ka tsare ta daga magada. Hukunce-hukuncen da ke ciki bisa mazhabar Imamu Malik suke.

Na fara da sunan Wahidun, Sarki guda,
Mai gadon ƙasa da sama da dukkan dukiya.

Salati ga Manzo Ahmadu da alayensa,
Da sahabbansa, taurarin da ke nuna hanya.

Ka ji ɗan'uwa, abin da ke hannunka aro ne,
Mai shi yana tafe, babu sallama ko ɗaya.

Shirya gidanka tun kana iya tashi tsaye,
Kar ka bari sai ka kwanta kana jinya.

Sharhi: Ka sani, Allah ya yi maka rahama, hukuncin mai lafiya a kan dukiyarsa daban ne da na mai ciwon ajali. Mai lafiya yana iya sayarwa, ya yi kyauta, ya yi hubusi da abin da ya mallaka. Amma idan ciwon da ake tsoron mutuwa a cikinsa ya kwantar da shi, hakkin magada ya rataya ga dukiyar, ba ya da ikon kyauta sai cikin sulusi, watau kashi ɗaya bisa uku. Wasu mutanenmu suna ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne. Wannan camfi ne. Ya inganta daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da duk wanda yake da abin yin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Takarda ba ta matso da ajali, rashinta kuma ba ya nesanta shi.

Bashi ake fara fiddawa kafin rabo,
Har da sadakin matarka in ba ka biya.

Rubuta wanda ake bin ka da wanda kake bi,
Da kayan ajiya, kar a cakuɗa gaba ɗaya.

Sharhi: Abin da mamaci ya bari ana fitar da hakkoki daga cikinsa bi da bi. Na farko, abin da ya rataya ga wani kaya a kan kansa, kamar jingina. Na biyu, likkafani da haƙa kabari, gwargwadon al'ada babu almubazzaranci. Na uku, bashi. Na huɗu, wasiyya. Sa'an nan abin da ya saura shi ne gado. Ragowar sadaki bashi ne, matar tana karɓarsa kafin rabo, kuma ba ya rage mata sumuninta. Amma sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba sa cikin waɗannan hakkoki. Baligi in ya so ya yi sadaka daga rabonsa, amma yanka saniya daga dukiyar da maraya yake da hakki a ciki haramun ne, ko da an tara malamai sun yi addu'a.

Dubi labarin Zubairu ɗan Awwam, Allah ya yarda da shi, kamar yadda Bukhari ya kawo shi. Idan mutum ya kawo masa ajiya, sai ya maida ita rance a kansa, domin in ta salwanta ya biya. Kafin a kashe shi a shekara ta 36 bayan Hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya danƙa masa al'amarin bashinsa. Da aka lissafa sai aka tarar ya kai 2,200,000. Abdullahi ya sayar da filin Gaba, wanda uban ya saya 170,000, a kan 1,600,000, ya biya mutane. Da 'yan'uwansa suka nemi a raba gado, ya ƙi, sai da ya yi shekara 4 yana shela a lokacin aikin Hajji ko akwai mai bin Zubairu. To, ɗan kasuwar da ke riƙe da kuɗin mutane, da na adashi, da kayan da ya karɓa bashi, duka a cikin kansa, wa zai yi masa wannan shela? A yau kuma ga kuɗin da ke banki da wanda ke cikin waya. In ba ka rubuta inda suke ba, magada ba za su san da su ba.

Rabon gado Allah da kansa ya yanka shi,
Bai bar shi ga sarki ba, bale sarauniya.

Wanda ya hana 'ya mace gonar ubanta,
Ya ci wuta, ko da ya kira ta gargajiya.

Sharhi: Ayoyin gado suna cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito cewa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi shahada a Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu, sai ɗan'uwansa ya kwashe dukiyar duka. Matar ta kai ƙara wurin Annabi. Da hukunci ya sauka, aka bai wa 'ya'yan biyu bisa uku, aka bai wa matar sumuni, baffan ya ɗauki abin da ya rage. Ka duba da kyau: abin da aka saukar da aya domin hana shi, shi ne abin da ake yi a garuruwanmu har yau. A ce mace ba ta gadon gona domin kada ta kai wa miji, a ba ta ɗan damin hatsi a ce an sallame ta. Ko kuwa a bar gado shekara da shekaru ba a raba ba, babban wa yana riƙe da gandu, har magadan farko su mutu, jikoki su taso da shari'a, zumunci ya yanke. In magada baligai sun yarda su ci gaba da noma tare, babu laifi, amma sai bayan kowa ya san rabonsa an rubuta. Jinkirin da Shari'a ta sani shi ne na biyan bashi, da na jiran mai ciki ta haihu.

Sulusi aka ba ka, kar ka ƙetare iyaka,
Magaji ba shi wasiyya, wannan ce gaskiya.

Tuna da jikan da ubansa ya riga ka,
Baffa ya kange shi, ka ji tausayin maraya.

Sharhi: Asalin sulusi shi ne hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya yi ciwo a Makka shekarar Hajjin Bankwana, yana da 'ya ɗaya. Ya nemi ya bayar da biyu bisa uku aka hana shi, ya nemi rabi aka hana shi, aka yarje masa sulusi, aka kuma nuna masa cewa barin magada da wadata ya fi barin su suna roƙo. Wasiyya ga wanda zai ci gado ba ta zartuwa, haka abin da ya wuce sulusi, sai in sauran magada baligai sun yarda.

Ina jan hankalinku ga baiti na 10, domin nan ne hawaye suka fi zuba. Idan ɗanka ya rasu kana raye ya bar 'ya'ya, kuma kana da wani ɗa namiji, to ranar da ka mutu waɗannan jikoki ba su da gado, baffansu ya kange su. Tun da ba magada ba ne, ƙofar wasiyya a buɗe take gare su. Ƙasar Masar ta mayar da wannan wasiyya tilas a dokarta ta 1946. Mu a mazhabarmu ba a fitar musu da kome sai in kakan ya yi wasiyya da kansa, saboda haka nauyin yana wuyanka.

Ga misali. Mutum ya bar sefa 3,000,000, da mata 2, da 'ya'ya maza 2, da 'ya'ya mata 3, da jikoki marayu. An kashe 100,000 wajen jana'iza, an biya bashi 500,000, saura 2,400,000. Sulusin wannan shi ne 800,000. Ya yi wa jikokin wasiyya da 400,000, ta zartu domin ba ta kai iyaka ba. Saura 2,000,000. Matan biyu su raba sumuni, 250,000, kowace 125,000. Saura 1,750,000 a kasa 7: kowane namiji 500,000, kowace mace 250,000. Da bai rubuta wannan layi ɗaya ba, da jikokin sun tashi hannu wofi daga gidan da aka haifi ubansu.

Kyautar da ba a karɓa ba kafin ciwon ajali,
Ta koma gado, ko an yi shela a duniya.

Daidaita 'ya'yanka in kana yin kyauta,
Kar ka zalunci na uwargida don son amarya.

Sharhi: Sharaɗin cikar kyauta shi ne hauzi, watau wanda aka bai wa ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da lafiya. Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya yi wa 'yarsa A'isha kyautar dabino wasƙi 20 daga gonarsa, ba ta kai ga girba ba har ciwon ajali ya kama shi. Sai ya gaya mata cewa da ta karɓa da ya zama nata, amma yanzu ya zama na magada. Idan kyautar Siddiƙu ga Uwar Muminai ta faɗi saboda rashin hauzi, ina ga mai cewa gidan nan na wane ne alhali yana karɓar hayarsa har ya mutu? Ƙaramin yaro kuwa ubansa ne ke riƙe masa, da sharaɗin ya kafa shaidu, kuma kada ya zama gidan da uban yake zaune a ciki.

Game da adalci, Bashiru ya yi wa ɗansa Nu'umanu kyauta shi kaɗai, ya nemi Annabi ya zama shaida, Annabi ya ƙi, ya umarce shi da daidaitawa tsakanin 'ya'yansa. Mai Risala ya bayyana cewa makaruhi ne mutum ya kyautar da dukiyarsa duka ga wasu 'ya'yansa. In akwai dalili, kamar ɗa mai naƙasa, a ba shi gwargwadon buƙata a bayyane, kowa ya sani.

In kana tsoron a sayar a watse, yi hubusi,
Tushe ya tsaya, amfani ya riƙa tafiya.

Fid da hannunka, naɗa amintacce ya riƙe,
Sa mata da maza, ban da hila da murɗiya.

Sharhi: Hubusi, wanda ake kira waƙafi, shi ne a tsare asalin abu, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado, a riƙa bayar da amfaninsa ga waɗanda aka ambata. Sayyidina Umar ya yi shi da filin da ya samu a Haibara bisa shawarar Annabi, ya sanya dangi cikin masu cin amfaninsa, kuma 'yarsa Hafsa ce ta kula da shi bayansa. Zubairu ya yi hubusi da gidajensa, ya sharɗanta cewa 'yarsa da aurenta ya mutu tana iya zama a ciki. Ka ga yadda magabata suka yi da hubusi: rufin asirin mata suka nema da shi.

A Ingila da Amurka da ƙasashen da suka gaji dokar Ingila akwai wani tsari mai kama da wannan, na amanar dukiya: mai dukiya ya danƙa ta ga amintacce da takarda, shi kuma ya juya ta domin waɗanda aka rubuta. Musulmin da ke zaune can yana iya amfani da shi domin tsare rabon ƙananan yara. Amma dokokin can suna ba mutum faɗin iko ya fifita wani magaji ko ya cire wani, kuma abin da kotu ta yarda da shi ba ya halatta abin da Allah ya hana.

Sharuɗɗan hubusi a wurinmu ga su. Ka yi shi kana da lafiya, kuma bashi bai cinye dukiyarka ba. Ka fitar da shi daga hannunka zuwa ga mai kula da shi, domin in ka riƙe har ka mutu ya koma gado. In gidan zamanka ne, ka tashi daga ciki, in ka koma kafin shekara ta cika ka mutu a ciki ya ɓaci. Ba ka yin hubusi ga kanka. Kuma Halilu a cikin Muhtasar ya lissafa hubusin da aka yi wa 'ya'ya maza ban da mata cikin waɗanda suka ɓaci, ko da yake wasu malaman mazhaba sun tsaya ga karhanci. Wanda ya yi shi da niyyar kauce wa rabon Allah, Allah ya san niyyarsa.

Akwai darasi cikin tarihi. Masar ta soke hubusin iyali a 1952, Tunisiya kuma a 1957. Daga cikin dalilan da aka kafa akwai cewa zuriya ta yawaita har rabon kowa ya zama ba ya sayen kome, gidaje suka lalace babu mai gyara, wasu masu kula suka ci amana. Mazhabarmu tana da magani, domin Malik ya halatta hubusi mai wa'adi. Kana iya cewa hayar shagon nan ta marayun ɗana ce har shekara 15, ko gidan nan mazaunin duk wadda ta rasa miji ce cikin 'ya'yana muddin suna raye. Ka rubuta cewa gyara ake fara fitarwa daga haya, ka rubuta wanda zai gaji mai kula, ka rubuta inda abin zai koma in wa'adi ya cika. Senegal ta yi dokar waƙafi a 2015 ta kafa masa hukuma, Nijar ma ta kafa tata daga baya.

Zaɓi wasiyyi mai tsoron Allah da lissafi,
Ba mai dogon carbi kaɗai ba, ko mai kwalliya.

Ya juya dukiyar maraya yana rubutawa,
In ya yi hankali ya miƙa, ba jayayya.

Sharhi: Uba yana da ikon naɗa wasiyyi a kan ƙananan 'ya'yansa. Sharaɗinsa ya zama Musulmi, baligi, mai hankali, adali, mai iya aikin. Mace tana iya zama wasiyyiya, kuma sau da yawa uwar yaran ta fi kowa tausayinsu. Ka tambayi mutum tun kana raye ko ya yarda, kuma ka umarce shi ya riƙa nuna lissafi ga wasu mutum biyu kowace shekara. An ruwaito daga Umar cewa ya yi umarni a yi kasuwanci da dukiyar marayu domin kada zakka ta cinye ta. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a jarraba maraya, in ya balaga aka ga yana da hankalin riƙe dukiya a miƙa masa gaban shaidu. Balaga kaɗai ba ta isa ba, haka kuma ba a riƙe wa mai hankali hakkinsa da sunan ana tsare masa. Aya ta 10 kuwa ta siffanta cin dukiyar maraya bisa zalunci da cin wuta. Ya kai baffa, ya kai babban wa, wannan aya da kai take magana.

Takarda da shaidu su ne katangar gidanka,
Baki yana mantuwa, tawada ba ta ƙarya.

San dokar ƙasar da kake zaune cikinta,
Don kar a auna gadonka da baƙuwar tiya.

Sharhi: Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka wanda ya ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, ya jahilci Littafinsa. A Nijar kotu tana bin al'adar masu shari'a cikin al'amarin gado, kuma tun dokar karkara ta 1993 aka tanadi kwamitocin ƙasa masu bayar da takardar shaidar gona, ta gado ko ta saye ko ta kyauta. Ka je ka karɓa. 'Yan'uwanmu na zango a Kumasi da Ankara kuwa su lura: dokar Gana ta 1985 game da wanda ya mutu bai bar wasiyya ba ta shafi kowa har da Musulmi, kuma rabonta ba irin na Alƙur'ani ba ne. Mafita ita ce mutum ya rubuta takardar wasiyya, ya sa hannu gaban shaidu biyu, ya bayyana cewa a raba abin da ya bari bisa Shari'ar Musulunci. Wannan ba wasiyya ga magaji ba ce, tabbatar da rabon Allah ne. Ka haɗa malami masanin fara'ili da lauya, kowa ya duba ɓangarensa, kuma kada ka sa mai cin wasiyyar cikin shaidu.

Allah ka sa mu cika da kyau da imani,
Ka kiyaye bayanmu daga husuma da hayaniya.

Tammat, baiti ashirin ne in ka ƙidaya,
Na rufe da salati ga Annabin shiriya.

Sharhi: Ya ɗan'uwa, kada ka ajiye wannan littafi sai ka ƙulla niyyar abu huɗu cikin makon nan: ka rubuta bashinka da ajiyar mutane, ka duba ko akwai jika ko dangi mabuƙaci da ba ya gadonka, ka naɗa wasiyyi ga ƙananan 'ya'yanka, kuma in akwai hakkin 'yar'uwa ko na maraya a hannunka ka mayar tun ana biya da kuɗi, kafin ranar da ake biya da lada. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman mata a cikin gidaje, domin su san hakkinsu.

Ya Allah ka gafarta mana da iyayenmu da malamanmu, ka jiƙan mamatanmu, ka rufa asirin marayunmu, ka sanya albarka cikin abin da muka bari. Amin. Allah shi ne mafi sani. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.